Yaushe ake fitar da 'yan tsaki zuwa akurkin bayan gida?

Tambaya: Ina da 'yan tsaki 15 na kajin ƙwai, satinsu huɗu ina renonsu a ɗaki da fitilar ɗumi. Sun fara tsallake akwatinsu, ƙura da wari sun dame mu. Na gina akurki a bayan gida, kuma akwai manyan kaji huɗu da nake da su tun da. Zan iya kai su can yanzu? Me ya kamata in shirya?

Malam, ba yanzu ba, amma saura kaɗan. A ƙa'ida 'yan tsakin kajin ƙwai sai sun kai sati shida suke iya kwana a waje ba tare da ɗumi ba. Sai dai fitarwar ba aikin rana ɗaya ba ce, shiri ne na kusan sati biyu, don haka daga wannan satin ya kamata ka fara. Yawancin asarar da ake yi a wannan gaɓar ba wata muguwar cuta ke jawo ta ba. Tara musu sauye-sauye ake yi lokaci guda: a kashe fitila, a canza wuri, a canza abinci, a haɗa su da manya, duk a yini ɗaya. Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai za su iya jure shi. Idan aka haɗa su ne jiki ke gazawa.

Sati shidan ma ƙiyasi ne. Abu biyu ne ke yanke hukunci, gashin jikinsu da sanyin dare a inda za su kwana.

Ɗan tsako yana ƙyanƙyashewa da laushin gashi wanda ba ya riƙe zafi, kuma a satuttukan farko jikinsa bai iya daidaita zafin kansa ba. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne a ma'aunin Salsiyas, kuma gashi na gaskiya ne ke tsare wannan zafin. Gashin yana fitowa ne bi da bi: fuka-fukai tukuna, sai jela, sai kafaɗu da ƙirji da baya, kai da wuya su ne na ƙarshe. Saboda haka kada ka tsaya daga nesa ka ce sun yi gashi. Ɗauki uku ko huɗu daga cikin ƙanana, ba manyan garken ba, ka duba ƙeya da wuya, ka ɗaga fiffike ka duba gefen jiki. In har akwai sauran laushin nan na haihuwa a kai, ko kana ganin fata a fili, ba su isa ba. Masu nauyin jiki irin su Brahma da Orpington sukan makara, har sati bakwai ko takwas. Kajin nama kuwa lissafinsu daban ne, suna cin abinci da yawa, jikinsu na fitar da zafi sosai, a yanayi mai ɗumi daga sati uku zuwa huɗu ma ana cire musu wuta. Waɗanda uwa ke reno ba sa cikin wannan maganar gaba ɗaya, su tun kwanakin farko suna yawo a waje domin duk sanda suka ji sanyi suna da inda za su shige.

Game da zafin wuri, abin da aka saba bi shi ne digiri 32 zuwa 35 a satin farko, sannan a riƙa rage kusan digiri 3 kowane sati. Naka da ke sati huɗu suna bukatar wajen 24 zuwa 26, a sati na biyar 21 zuwa 23, a na shida 18 zuwa 21. Yanzu ka samu ma'aunin zafi ka rataye shi cikin akurkin da ka gina, ƙasa-ƙasa daidai tsayin bayan ɗan tsako, ka riƙa duba shi da asuba kafin rana ta fito, kwana uku ko huɗu a jere. Wannan lokacin ne mafi sanyi, kuma shi ne abin lura, ba zafin tsakar rana ba. Idan asuba ba ta sauka ƙasa da digiri 18 ba, za su iya fita tun suna sati biyar in gashi ya rufe. Idan tana tsakanin 10 da 18, jira sati shida cikakku. Idan tana ƙasa da 10, ko dai ka bari su kai sati takwas, ko ka kai musu ɗumin can. Yawansu ma yana taimaka maka: guda 15 suna ɗumama juna fiye da yadda uku ko huɗu za su yi.

Daga yau fara yaye su daga fitila. Kwana uku na farko ka kashe ta da tsakar rana, awa uku zuwa huɗu. Bayan nan a kashe ta duk yini, a kunna da dare kawai, a kuma ɗaga ta sama kaɗan duk bayan kwana biyu. Kwana uku ko huɗu na ƙarshe kafin fitarwa su kwana a ɗakin babu ita sam. Su da kansu za su gaya maka ko ka yi sauri: in sun dunƙule wuri ɗaya suna kuka mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, sanyi suke ji. In sun baje suna kwance kusa da juna suna ɗan ƙaramin sauti, lafiya lau.

Akwai wani abu a nan da mutane da yawa ba sa tunawa da shi. 'Yan tsakin da suka tashi ƙarƙashin fitila dare da rana ba su taɓa ganin duhu ba. Daren farko da duhu ya rufe su a baƙon wuri, firgita suke yi, su ruga kusurwa ɗaya su hau kan juna, na ƙasa su rasa numfashi. Da safe sai a tarar da biyu ko uku a mace, ba rauni ba alamar ciwo, a ce sanyi ne ko cuta, alhali danne su aka yi. Kwanakin nan na ƙarshe da za su yi a ɗaki babu fitila su ne maganin wannan, su koyi duhu a inda suka sani. Kuma a bar hasken ya tafi a hankali kamar yadda magariba ke yi, kada a kashe kwatsam suna tsakiyar cin abinci.

Tare da wannan sai ka fara kai su yawon rana. Zaɓi lokacin da zafin waje ya wuce digiri 21, ƙasa a bushe, babu iska mai ƙarfi. Ranar farko rabin awa ya isa, gobe awa ɗaya, a yi ta ƙarawa har su kai ga yini. A sa su cikin ɗan keji marar gindi wanda samansa ke rufe da raga, rabinsa a inuwa, da ruwa a ciki. Rufe saman dole ne, shaho da shirwa ba sa bukatar fiye da ƙiftawar ido, kuma tsayuwarka a kusa ba ta cika hana su ba. Wurin da za ka ajiye kejin ya zama inda manyan kajinka ba sa yawan zama, inda ba a yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari ba, ba a kuma zuba gubar ɓera ba. Ka tsince ƙusoshi, guntayen waya, leda da fasasshen gilashi, domin duk abin da ke ƙyalli sai sun tsattsage shi.

Yanzu akurkin. Gina shi da lissafin girman da za su kai, ba na yau ba. Babbar kaza tana bukatar kusan kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita a cikin ɗakin kwana, da kusan murabba'in mita ɗaya a filin da aka kewaye. Guda 15 ke nan murabba'in mita 5 a ciki, misali mita 2 a faɗi da 2.5 a tsawo, da murabba'in mita 15 a waje. In za ka haɗa su da manyan nan huɗu daga baya, ƙara musu nasu. Cunkoso shi ne tushen saran juna da figar gashi, kuma shi ke sa shimfiɗa ta jiƙe da wuri.

Ragar da aka fi sayarwa da sunan ta kaji, mai siririyar waya da ido mai kusurwa shida, kaza take hanawa fita, ba ta hana wani abu shiga. Kare yana yaga ta, ɓera da maciji suna ratsa idonta, ɗan tsako kuma yana zura kai ya maƙale. Abin da ya dace shi ne raga mai kaurin waya wadda aka yi wa walda, mai ido murabba'i da bai wuce santimita 1.3 ba. In kuɗi bai kai a kewaye duka da ita ba, a sa ta a duk tagogin ɗakin kwana da kuma ƙasan shingen fili har tsayin santimita 60 zuwa 90. A kafa ta da ƙusoshi masu murɗi (sukuru) tare da wosha, wato faffaɗan zoben ƙarfe da ke danne ragar, ko a danne bakinta da katako, 'yan ƙananan maƙalai ba sa riƙe ta idan aka ja da ƙarfi. Don masu tono, ko dai a binne ragar zurfin santimita 30, ko a shimfiɗa ta kwance a ƙasa daga gindin shinge zuwa waje faɗin santimita 45 zuwa 60 a rufe da ƙasa. Na biyun ya fi sauƙi kuma yana aiki, saboda dabba a gindin shinge take fara tono, ba ta ja da baya ta nemi bakin raga. Idan ka gama, shiga ciki da rana ka rufe ƙofa, ka bi duk inda haske ke shigowa. Ramin da babban yatsanka ya shiga, toshe shi. Duba musamman tsakanin rufi da bango, da ƙarƙashin ƙofa. Ƙofar kuma ta samu sakata ta gaske, ba dutse ko sanda da ake jinginawa ba.

Toshe ramuka ba yana nufin toshe iska ba. Kaji suna fitar da danshi mai yawa ta numfashi da kashi, kashin kuma yana fitar da iskar amoniya, wadda in ta kai kashi 25 cikin miliyan take fara lalata hanyar numfashi da idanu, ta buɗe wa mura ƙofa. Tagogin iska su kasance a sama kusa da rufi, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a buɗe ko da lokacin sanyi. Abin da ba a so shi ne iska mai bugawa kai tsaye daidai inda suke kwana. Gwajin mai sauƙi ne: da sassafe kafin ka buɗe musu, durƙusa ka kai hancinka daidai tsayinsu. In ka ji wari mai yaji ko idonka ya yi ƙaiƙayi, iska ta yi kaɗan ko shimfiɗa ta jiƙe, ko duka biyun.

Shimfiɗar ta zama dusar katako mai fala-fala, irin wadda ke fita wajen goge katako, ko ƙaiƙayin shinkafa, kaurin santimita 8 zuwa 10. Dusar zarto mai laushi kamar gari ba ta da kyau ga ƙanana, suna cinta, tana kuma shiga hanci. Wadda ta taɓa jiƙewa ta yi funfuna kuwa a zubar da ita, domin funfunar tana kama huhu kuma babu wani maganin kirki da ke warkar da ita. In kana son sanin danshinta, damƙi cikin hannu ka matse ka saki. In ta ɗan haɗu sannan ta wargaje, daidai ne. In ta zauna dunƙule, ta jiƙe. Kusurwoyi huɗun ɗakin ka zagaye su da kwali ko falle na katako don kada a samu lungun da za su cushe, a bar shi haka na sati biyu.

Sandar kwana a sa ta ƙasa-ƙasa da farko, santimita 30 zuwa 45 daga shimfiɗa, faɗinta santimita 4 zuwa 5, a goge kaifin gefenta. Kowace kaza za ta bukaci santimita 20 zuwa 25 idan ta girma, ke nan kusan mita 3.5 ga naka, ana iya raba shi sanda biyu. Kada ka damu in sun ƙi hawa a kwanakin farko, da yawa sai sun kai sati takwas zuwa goma. Akwatunan ƙwai kuwa ka rufe bakinsu har zuwa sati 16, in ba haka ba za su mayar da su wurin kwana, su saba, daga baya ka yi ta kwasar ƙwai cikin kashi.

Idan akwai wani katako, mazubi ko ɓangaren akurkin da wasu kaji suka taɓa amfani da shi, a kankare kashin, a wanke da sabulu, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe ya huta kamar sati biyu. Maganin ba ya aiki a kan datti, wankin shi ne rabin aikin. Duba tsagogin katako da dare da tocila, akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari jajaye da ke ɓuya a nan da rana su fito shan jini da dare, kuma ƙaramin tsako ba shi da jinin da zai ba su.

Ranar fitarwa ta zama rana mai natsuwa, wadda ba a sa ran ruwa ko sanyi mai tsanani cikin kwana uku masu zuwa. Kai su da safe don su samu yini guda su gane wurin kafin duhu. Tafi da mazubin abinci da na ruwan da suka saba da su, ka watsa ɗan busasshen ɓangare na tsohuwar shimfiɗarsu a kan sabuwar. Tsoma bakin biyu ko uku a ruwa, sauran za su bi. Daga nan sai ka kulle su a ɗakin kwanan kwana uku zuwa biyar, da abinci da ruwa a ciki. Wannan ne ke sa su ɗauki wurin a matsayin gida, su riƙa komawa da kansu da yamma. Amma a lura: in ɗakin yana wuce digiri 30 da rana, kada a kulle su a ciki. A buɗe musu fili, da magariba a kama su ɗaya-ɗaya a shigar da su ta ƙaramar ƙofar da za su riƙa bi, ba ta babbar ƙofarka ba. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai sukan gane. Ƙaramar fitila mai batir da aka kunna a ciki rabin awa kafin duhu tana jawo su, domin daga waje cikin akurki ya fi duhu kuma ba sa son shiga inda ba sa gani.

Dare uku na farko ka leƙa su sau biyu, bayan duhu da kamar awa ɗaya da kuma kafin asuba. In sun hau kan juna, raba su da hannu ka jera su. Ƙirga su kowane dare kafin ka sa sakata, guda ɗayan da ya maƙale a bayan bokiti shi ake rasawa.

Abinci kada ka taɓa shi a satin fitarwa. Su ci gaba da abincin farko, wanda ake kira sitata, mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, har su kai sati takwas. Sannan a koma na masu tasowa, wato girowa, mai kashi 15 zuwa 17, a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai: kashi ɗaya cikin huɗu sabo, sai rabi, sai uku cikin huɗu. A sati shida kowanne yana cin kusan giram 40 a yini, ke nan naka wajen giram 600, ruwa kuma kusan ninki biyu na abinci, ya fi haka in ana zafi. Ɗaga mazuban daidai tsayin bayansu don kada su cika su da dusa. Kada a bar buɗaɗɗen bokiti ko kwano mai zurfi a filin, suna faɗawa su nutse.

Abincin kaji masu ƙwai haramiyarsu ne a yanzu. Yana ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari saboda ɓawon ƙwai, alhali mai tasowa kusan kashi 1 yake bukata. Rarar tana lalata ƙoda, kuma ɓarnar ba ta nunawa nan take, sai bayan makonni a ga kaza tana ramewa ko ta mutu ba dalili. Da zarar sun fara cin ciyawa da ƙwari, ajiye musu 'yan ƙananan tsakuwa ko yashi mai manyan ƙwayoyi a wani mazubi daban, da su ƙundu ke niƙa abinci tunda kaza ba ta da haƙori. Doguwar ciyawar da aka yanko aka zuba musu tana da haɗari fiye da wadda suke tsinka da kansu, domin takan nannaɗe ta toshe jakar abincin da ke gindin wuya. Duk wani ƙari da za ka ba su kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da suke ci.

Cutar da ta fi kama su bayan fita ita ce koksidiyosis, wadda aka fi ganewa da kashin jini, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Eimeria da ke zama a hanji. Ƙwanta yana fita cikin kashi, kuma a lokacin da ya fito bai iya kama kowa ba, sai ya samu danshi da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu sannan ya nuna. Ɗan tsako ya tsattsaga ya haɗiye, bayan kwana huɗu zuwa bakwai ciwo ya bayyana. Shi ya sa sau da yawa satin farko yakan wuce lafiya, mai kaji ya saki jiki, a farkon na biyu a fara ganin matsala. Kusan duk inda kaji suka taɓa zama akwai ta a ƙasa, ba a iya kawar da ita. Abin da ke raba wanda zai yi ciwo da wanda ba zai yi ba shi ne yawan abin da ya haɗiya a lokaci guda. Kaɗan-kaɗan yana gina garkuwar jiki, mai yawa yana yayyaga hanji. Amfanin yawon ranar nan ke nan, kuma dalilin da ya sa jiƙaƙƙen wurin da ke kewaye da mazubin ruwa ya fi ko'ina haɗari. Ɗora mazubin a kan ɗan dandamalin raga, ka kwashe duk inda ya jiƙe kullum.

Alamominta: tsako ya tsaya shi kaɗai ya takure, gashi a tashe, fuka-fukai a sake, ido a lumshe, ya daina ci, fuska ta yi fari, kashi ya zama ruwa-ruwa ko da majina ko da jini. Ba kowane iri ke kawo jini ba, don haka kada ka jira sai ka gan shi. Kuma kada ka ruɗe da wani kashi mai laushi ruwan ƙasa-ƙasa mai wari da lafiyayyar kaza ke yi sau ɗaya cikin kusan goma, wannan ba ciwo ba ne. Ka tanadi Amprolium tun kafin ka fitar da su, domin cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana sa shi a ruwan sha ga duka garken, kwana biyar zuwa bakwai, bisa awon da ke jikin takardarsa, kuma ya zama shi ne kaɗai ruwan da za su samu. Kada a haɗa shi da bitamin a lokaci guda. Maganin yana aiki ne ta hana ƙwayar samun bitamin B1, in ka zuba bitamin ka warware aikinsa. Bayan an gama sai a ba su. In an yi musu rigakafin wannan cutar tun a wurin ƙyanƙyasa, kada a ba su abinci mai maganinta a ciki, zai kashe rigakafin.

Sauran rigakafi, na Nukasil da Gumboro da ƙurajen kaji, jadawalinsu ya danganta da cututtukan da ke yankin mutum, likitan dabbobi ne zai tsara maka. Abin da ya shafi fitarwa shi ne a bar tazarar kwana uku zuwa biyar tsakanin ranar rigakafi da ranar ƙaura. Na ƙurajen yana da muhimmanci da zarar sun koma waje saboda sauro ke yaɗa cutar. Abinci da ruwa kuma su kasance ƙarƙashin rufi inda tsuntsayen daji ba za su sauka su yi kashi ba, ta nan murar tsuntsaye da Nukasil ke shigowa. Kai ma wanke hannu da sabulu bayan taɓa su, musamman yara, domin lafiyayyen tsako ma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kama mutane.

Manyan kajinka huɗu: kada ka haɗa su yanzu ko kusa. Babbar kaza ba ta san tausayin ɗan da ba nata ba, sara ɗaya a ka yana iya kashe na sati shida, kuma da zarar jini ya fito sauran ma za su bi wurin. Ban da haka, manya sukan ɗauki cututtuka irin su Marek da mura mai naci ba tare da sun nuna alama ba. Raba su da raga yadda za su ga juna ba taɓawa, aƙalla sati biyu, in da hali har ƙananan su kai sati 12 zuwa 16, lokacin da girmansu ya kusa na manyan. Wata dabara mai kyau ita ce a yi ƙananan ƙofofi biyu a jikin ragar, faɗin santimita 8 zuwa 10, waɗanda ƙanana za su ratsa manya ba za su iya ba, abincin ƙananan yana ta ciki. Biyu, don kada wata ta tare guda ɗayan. Ranar haɗawa a sa mazubin abinci da na ruwa a wurare biyu ko uku nesa da juna, kowa ya ci girowa, a ajiye wa masu ƙwai dakakken ɓawon kawa a gefe su ɗiba da kansu. Kora da ɗan sara na kwana kaɗan ba makawa, haka suke tsara wa ke gaba da wa. Jini, ko hana wani ci gaba ɗaya, shi ne ke sa a shiga tsakani.

In sanyi ya tilasta maka kai ɗumi akurkin, farantin ɗumi mai ƙafafu wanda suke shiga ƙarƙashinsa ya fi aminci. Fitilar wat 250 a cikin ɗaki mai busasshiyar dusa da ƙura da tsuntsaye masu tsalle ita ce kan gaba wajen ƙona akurki. In ita ce kaɗai gare ka, rataye ta da sarƙa, a ƙara waya ta biyu ko da ta farko ta kwance, kada ta kusanci shimfiɗa ƙasa da santimita 45, kuma a gefe ɗaya don su samu inda za su kauce. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kisa ba wari ba hayaƙi.

Zafi ma yana kisa, wani lokaci fiye da sanyi, tunda kaza ba ta gumi. In ka ga suna haki baki buɗe, fuka-fukai a ware daga jiki, inuwa da iska da ruwa mai sanyi suke nema. Ruwan sama kuwa ƙanana ba su da wayon guje masa, sai su tsaya a tsakiyar fili su jiƙe sharkaf. Wanda ya jiƙe a goge shi da tsumma a sa shi wuri mai ɗumi har ya bushe sarai kafin a mayar da shi. Rufe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na filin, a ƙarƙashin rufin kuma a ajiye akwati mai busasshiyar ƙasa da yashi don birgima, da ita suke rage ƙwarƙwata.

Sakin su su yi kiwo a fili ba shinge kuma sai sun wuce sati goma zuwa sha biyu, kuma sai sun yi aƙalla sati biyu suna shiga akurki da kansu. Ranar farko buɗe musu saura awa ɗaya rana ta faɗi, kana tsaye a wurin. Ba za su yi nisa ba, magariba za ta mayar da su. Kowace rana sai ka ƙara rabin awa.